Sabo Turken Wawa: Sharhi Kan Tsofaffin Motocin Da Muka Kasa Rabuwa Da Su



Hausawa suna da karin magana biyu a kan sabo, kuma in ka ji su sai ka ce faɗa suke yi da juna. Ɗaya ta ce sabo ake yi wa kuka, ɗaya kuma ta ce sabo turken wawa. To, mu da ko sunan unguwarmu Sabo ne, ko da yake namu na Sabon Gari ne, ya kamata mu fi kowa sanin inda ta farkon ta tsaya da inda ta biyun ta fara. Abin da ya sa muka ɗauko su a wannan fitowa shi ne maganar tsofaffin motocin da suka cika mana lunguna.

Duk wanda ke yawo a ƙafa cikin unguwar nan ya san su. Mota ce a ƙofar gida, an ɗora ta a kan bulo, tayoyi sun sace sun tsattsage, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, awaki na kwana a inuwarta, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. In ka tambayi mai ita sai ya ce, "Ai injinta lafiya lau yake, ɗan abu kaɗan ya rage." Ɗan abu kaɗan ɗin nan yakan kai shekara bakwai bai ƙare ba. In kuwa mai ita ya rasu, amsar 'ya'yansa guda ce: "Motar Baba ce, ba ta sayarwa ba ce." Wannan ɗabi'a muke son mu ɗora a ma'auni, mu ba ta haƙƙinta inda take da gaskiya, mu kuma soke ta inda ta kauce.

Ƙaunar gaskiya ce

Mu fara da yi wa masu motocin adalci, domin samarin yanzu sun cika yi musu dariya, suna kiran abin ƙauyanci. Wanda bai san yadda aka gina unguwar nan ba shi ne zai yi wannan dariya. An kafa Sabon Badun a 1916, kuma a kan fataucin goro da shanu ta tsaya da ƙafafunta. Goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kurmi. Da fari ƙafa da jirgin ƙasa ne suka ɗauki wannan nauyi, daga baya manyan motoci suka karɓa. Gidaje da yawa da muke kwana a cikinsu yau, kuɗin lodi ne ya gina su. Bedford da Marsandi 911 masu bodin katako, da rubutun "Allah Ya kiyaye" a goshi, su ne suka biya sadakin iyayenmu mata, suka biya kuɗin makarantar wasunmu, suka kai kakanninmu Makka.

Sai kuma Peugeot 504, wadda duk muke kira Fijo. A 1968 ta fito a Faransa, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu, kuma a shekarar ce masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a ƙasar nan. Faransawa sun daina ƙera ta tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. A wancan zamani ƙasar nan tana harhaɗa motocinta: Volkswagen a Ikko, Leyland a nan Badun, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, Fiat a Kano. Wanda ya sayi Fijo sabuwa fil, da ledarta a kujera, yana ganin ya sayi abin ƙasarsa ne.

Kuma motar ta yi halacci. Tana da tsayi daga ƙasa, ba ta tsoron rami. Kafireto gare ta, ba kwamfuta, saboda haka duk bakaniken da ke gefen titi daga Ojoo zuwa Jabba, daga Makwa zuwa Kwantagora, zai iya buɗe ta ya gyara da sifana uku. Doguwar mai layin kujeru uku takan kwashe mutum da iyalinsa gaba ɗaya a tafi gida Sallah. A-kori-kurarta ta yi dakon buhuna har bayanta ya lanƙwashe. 'Yar'uwarta J5 kuwa har gobe tana sauke tumatir da albasa da tattasai a Shasha da Bodija.

To, mutumin da motar nan ta ɗauko masa amarya, ta kai matarsa asibitin UCH da tsakar dare tana naƙuda, ta raka gawar mahaifinsa maƙabarta, yaya za a yi ya dube ta a matsayin ƙarfe kawai? Ya san tarinta da asuba, ya san inda ake ɗan dukan ƙofar kafin ta buɗe. Wasu har suna suke raɗa mata. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma addini bai hana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da sunayen ababen hawansa: taguwarsa Ƙaswa'u, alfadarinsa Duldul, jakinsa Ya'afuru. Ya kuma bayyana ƙaunarsa ga dutsen Uhudu, wanda dutse ne ba mai rai ba. Zuciyar ɗan Adam tana sabawa da abin da ya yi mata hidima, haka Allah Ya halicce ta. Don haka duk yaron da ya ga dattijo ya yi ƙwalla ranar da aka ja motarsa, ya kama bakinsa. Nasa lokacin na zuwa.

Inda abin ya ɓaci

Sukar da muke yi ta fara ne daga inda ƙaunar mutum ɗaya ta koma nauyi a wuyan wasu. Mun duba mun ga mutum huɗu ne ake dannewa a wannan harka, kuma kusan dukkansu ba sa iya buɗe baki.

Na farko magada. Wannan ya fi kowanne ciwo. Daga lokacin da mutum ya cika, motarsa ta daina zama tasa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, abin da ya rage na magada ne, kowa da rabon da Allah Ya yanka masa. Amma abin da muke gani shi ne babban wa ya sa makulli a aljihu, ya ce ba za a taɓa motar Baba ba. Ƙannensa mata suna gidajen aure, kunya ta hana su magana. Matar marigayi tana takaba, ba ta son a ce ta ƙosa. Marayu ƙanana kuwa ba su ma san suna da haƙƙi ba. Shi kaɗai yake jin daɗin kallonta, amma dukiyar kowa ce take ruɓewa.

Mu yi lissafi irin na kasuwa, a matsayin misali. A ce a watan da aka yi rasuwa dillali ya taya motar naira 1,600,000. Tumunin matar marigayi, tunda akwai 'ya'ya, naira 200,000 ke nan, jari ne da zai riƙe ta a sana'ar cikin gida. A bar motar shekara biyar a waje, har ta zama sai 'yan gwangwan, su taya naira 400,000. Tumuninta ya dawo 50,000, a lokacin da kuɗin ma sun rage daraja. Wa ya ci sauran? Tsatsa ta ci, amma wanda ya riƙe makulli za a tambaya ranar gobe.

Kuma kada wani ya ce ai mota ajiya ce kamar fili. Fili yana jira, mota ba ta jira. In ta daɗe a tsaye batir ya mutu, fetur ya lalace ya toshe kafireto, birki ya cije, robobi su bushe su fashe, ɓeraye su cinye wayoyi. Ga daminar Kurmi mai tsawo, ruwa ya shiga ta gefen gilashi ya kwanta a ƙasan bodi, tsatsa ta huda ta daga ciki. Motar da ake hawa kullum ta fi wadda aka ajiye tsawon rai.

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka yi bayani cewa abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, to ana tilasta wa wanda ya ƙi. Mota ba ta yankuwa gida takwas. Ƙaramar ƙanwa tana da ikon ta ce a sayar, kuma faɗin hakan ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin son mahaifi ba.

Na biyu maƙwabta da masu wucewa. Lungunanmu an yanka su ne tun kafin mota ta yi yawa. Gawar mota guda takan cinye rabin hanya, mai kura ya kasa wucewa, makara ma sai an karkata ta. Ranar da gobara ta tashi, Allah Ya tsare, ta ina motar kashe wuta za ta bi? Yawancinsu kuma a kan lambatu aka kafe su, shara ta taru a ƙarƙashi, ba mai iya sa shebur ya kwashe. Mutanen garin nan sun san abin da ruwa yake yi in aka toshe masa hanya. Dattawa ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, matasa kuma sun ga ta watan Agustan 2011 da idonsu. Banda wannan, ruwan da ke kwanciya a cikin tsofaffin tayoyi gidan sauro ne, kuma yaran maƙwabci ne za su kwana da zazzaɓi. Da dare kuwa kowa ya san irin waɗanda ke fakewa a cikin irin waɗannan motoci da abin da suke sha. Addinin da ya ce kawar da ƙaya daga hanya sadaka ne, me zai ce da wanda ya ajiye tan guda na ƙarfe a tsakiyarta? Sannan mu tuna zaman da muke yi. Duk abin da aka gani a ƙofar ɗayanmu, Hausawa za a ce, ba za a kira sunan mai motar ba.

Na uku fasinja. Akwai wanda bai ajiye tasa ba, yana nan yana lallaɓa ta a hanya alhali ta gama aiki. An ɗaure ƙofa da igiya, birki sai an taka sau uku, fitila ɗaya, taya ta yi sumul kamar tafin hannu. Sai ya cika ta da mutane da kaya ya nufi Ilori, yana cewa, "Ni na san halinta." Kai ka san halinta, to mutum bakwai da ke bayanka fa, an gaya musu? A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, mu nawa ne muke dubawa? In abu ya faru sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure tukuna sannan ya dogara.

Na huɗu mai saye. Abin mamaki, mutumin da ya yi shekara ashirin yana rantsuwa da amanar motarsa, ranar rabuwa sai ya rufe ta da ha'inci. A zuba baƙin mai mai kauri don injin ya daina ƙara, a cike ramukan tsatsa a shafe da fenti, a tayar da ita tun da sassafe don kada mai saye ya ga wahalar tashinta. Dillali ya karɓi la'adarsa ya yi shiru. Kuma sau da yawa wanda ake sayar wa yaro ne da ya yi shekaru yana turin baro ko acaba, ya tara kuɗinsa kwabo-kwabo. Mu 'yan kasuwa mun san labarin mai tsibin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, mun kuma san irin tsawatarwar da Annabi ya yi masa. A fiƙihu ma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. In da gaske kana son motar, ka faɗi ciwonta, don wanda ya karɓa ya san yadda zai yi jinyarta.

Abin da masu motocin ke cewa

Mun san amsar da za a ba mu a majalisa, kuma ba duka ce ta banza ba. Za a ce da tsohuwar zuma ake magani, motocin yanzu kwali ne, in suka lalace sai an sa musu kwamfuta. Za a ce tokumbo ta fi ƙarfin talaka, tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017 'yar Kwatano ta yi wuya, ga faɗuwar naira. In na sayar da wannan, da me zan sayi wata?

Wannan magana ce mai nauyi. Mutumin da ke riƙe da tsohuwar motarsa da kyau, yana juye mata mai a kan lokaci, birkinta na kamawa, takardunta cikakku, tana kawo cefane, wallahi ba da shi muke ba. Hasali ma yabo ya cancanta, domin ya fi mai cin bashi ya sayi ta yayi don a gani. Tsufa ba laifi ba ne.

Amma lissafin ma ya juya. Kafin 29 ga Mayun 2023, a farashin hukuma, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. Tsohon injin da ke shan mai kamar raƙumi, wanda a da ake yi wa uzuri, yanzu yana iya cinye ribar rana kafin azahar. Kayan gyaranta kuma kullum ƙara wuya suke, sai an yi yawo a Agodi Gate, wani lokaci har Ladipo a Ikko, a ƙarshe a samo na jikin wata gawar. Saboda haka kowa ya yi wa kansa tambaya uku. Shin motar nan ta motsa a cikin shekarar nan? Shin abin da take ci ya fi abin da take kawowa? Shin akwai haƙƙin wani a jikinta? Wanda ya amsa wa kansa da gaskiya ba ya buƙatar liman ya gaya masa abin yi.

Yadda ake rabuwar mutunci

Taguwar Annabi da ake kira Adba'u ba a taɓa tsere mata ba, sai ran nan wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai zafi. Sai Annabi ya sanar da su cewa haka Allah Ya tsara duniya, duk abin da ya ɗaukaka a cikinta wata rana zai sauko. In taguwar Manzo ta ga wannan rana, to Fijo da Marsandi su wane ne?

Ga shawarwarinmu. In an yi rasuwa, da zarar an natsu a kira bakanike biyu da dillali mai amana su yi wa motar kuɗi a gaban magada, maza da mata. Ɗan da ya fi kowa sonta shi ya fi cancanta ya saya, amma ya biya 'yan'uwansa rabonsu, ko da kaɗan-kaɗan ne, a rubuce da shaidu. Daga nan ta zama tasa halak malak, in ya ga dama ya shigar da ita cikin gidansa ya yi ta kallo. In magada manya sun yarda, da daɗin rai ba da kunya ba, a sa nasu rabon a rijiya ko a rufin makarantar allo da sunan mahaifin, wannan zai iske shi a kabari, abin da gawar mota ba za ta taɓa yi ba. Rabon maraya dai ba a kyauta da shi, a ajiye masa ko a juya masa.

Wanda kuma yake raye, ya sallama tun tana da sauran numfashi. Yaron motarka da ya yi maka shekara goma, ya san ta kamar yadda ka san ta, ka ba shi ya riƙa biya a hankali. Ka taimaki yaro, ka kuma ci gaba da ganin motarka tana wucewa. A rubuta takardar ciniki, a canja sunan mai ita a takardu, don kada a aikata wani abu da ita a zo ana neman ka. In kuwa ta mutu murus, 'yan gwangwan yaranmu ne, sana'a suke yi ta halal, ƙarfen narka shi za a yi ya koma rodin gini. A yi ciniki a fili, a ba su rasit don kada a tare su a hanya a ce kayan sata ne. Mai son abin tunawa ya ɗauki hoto da ita, ya cire ɗan zakin da ke hancinta ya ajiye a durowa. Wannan ya isa a nuna wa jikoki.

Muna kuma roƙon fadar Sarkin Hausawa da masu unguwanni da shugabannin direbobi su shiga maganar. A zaga lungu-lungu a ƙirga motocin da suka mutu, a je wa masu su cikin girmamawa, a ba su wa'adi. Gara mu gyara da hannunmu da a wayi gari hukuma ta turo motar ja ta kwashe, a biya tara, a yi asarar motar da mutuncin gaba ɗaya. Limamai kuma, mu da kanmu, mu riƙa tambayar magada ranar rabon gado: ina maganar mota ta kwana? Domin an fi mantawa da ita, kuma ita ta fi saurin lalacewa.

Kuka don sabo halal ne, a yi shi a share hawaye. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗaure gwauruwa da maraya da maƙwabci a turke guda saboda mutum ɗaya ya kasa cewa sai wata rana.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sha ƙurar hanya don mu zauna a inuwa. Allah Ya tsare direbobinmu a duk inda suke, Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Wassalamu alaikum.